Ranar da Muka Kai wa Dogo Gaisuwa

Ranar wata Alhamis ce a ƙarshen damina, shekarar da gwamnati ta ce kowane yaro ya shiga firamare kyauta, ina da shekara goma sha ɗaya a duniya. Da la'asar muka fito daga coci, matan zumunta duk sun ɗaura zane iri ɗaya, masu tulu suna bugawa, masu caki suna kaɗawa, ni kuma an sa ni a gaba da kwanon tuwo a kai, ina tafe ina ɗaga wuya sai ka ce ni na kafa garin Keffi. Muka ratsa Tudun Ƙofa, mutane suna leƙowa daga zaure suna tambayar wa ya haihu, muka gangara hanyar da muke bi in za mu ƙauyenmu wajen Agwada, muka nufi barikin 'yan Caina da ke bakin fadama. Gaisuwa za mu kai wa wani mutum da muke kira Dogo. Abu ɗaya tak mutumin nan ya taɓa roƙona, in yi shiru, ni ce kuma na jawo masa wannan gayya.

Kafin in kai ku bakin barikin, bari in faɗa muku yadda ƙasar Sin, wato Caina, ta shiga madafar uwata. Tun ba a haife ni ba wata tsohuwar Baturiya ta zauna a cocinmu, wadda ta ƙare ƙuruciyarta tana aikin bishara a can har ranar da aka kore su. Ban gan ta ba, amma da labarinta na tashi. Ita ce ta gaya wa matan zumunta cewa akwai masu bi a Sin, an rufe musu majami'u, an ƙone musu littafin Allah, wanda ya tsira da shafi guda sai ya kwafe shi da hannu ya miƙa wa na kusa da shi. Matan nan ba su da abin bayarwa sai hatsi, don haka suka ɗauki alkawari cewa duk macen da za ta yi girki, kafin ta zuba dawa a turmi, sai ta ɗebi dintsi ɗaya ta ajiye gefe. In tukunyar ajiya ta cika a kai ta coci, fasto ya san hanyar da abin yake bi har ya isa wurin masu buga littafin Allah da harshen Sin da masu yi musu wa'azi ta rediyo. Dintsin Sin ake kiransa. Baturiyar ta koma ƙasarsu, daga baya ma aka ce ta rasu, amma matan ba su daina ɗiba ba.

A ɗakinmu ba a wasa da tukunyar nan. Haya muke yi a gidan Gwaggo Hauwa, wata dattijuwar Musulma mai yin daddawa, ɗaki biyu da madafa a kusurwa, tukunyar kuma tana bayan murhu an kife ta da faifai. Ko a watannin da hatsi ya yi kusan ƙarewa, muna shan kunu salala kamar ruwan wanki, Mama sai ta ɗebi dintsinta ta ce, "Wannan na 'yan'uwanmu ne." Ran da na tsallake don ina sauri in je gaɗa, kunnena ya gaya wa jikina. Abin dariyar shi ne Mama ba ta san inda Sin take ba. In an tambaye ta sai ta nuna wajen Akwanga ta ce can gaba ne sosai. Gwaggo Hauwa, wadda ke kiranta da sunana, kan tsokane ta tana cewa, "Maman Rifkatu, dangin nan naki har yanzu ba su aiko da ko gaisuwa ba?" Mama ta yi dariya ta ce suna hanya.

Sai ga su kuwa sun zo. A farkon daminar nan gwamnati ta kawo wasu 'yan Caina su goma sha wani abu, su koya wa manoma dashen shinkafa. Lokacin ƙasa ta yi arzikin mai, baƙi iri-iri suna shigowa, amma waɗannan daban suke. Kayansu shuɗi iri ɗaya, malafarsu iri ɗaya, ba ka taɓa ganin ɗaya ya fito shi kaɗai, kullum biyu-biyu. Yara suna binsu suna ihun "Caina! Caina!" su dai sai murmushi. Akwai ɗaya a cikinsu da ba ya shiga laka, takalminsa kullum fes, yana tsaye a kan kunya yana kallon sauran, muka sa masa suna Mai Tabarau. Mama ta yi murna ta ce ga addu'a ta biyo mu har gida, amma Malam Tanko, ɗan unguwarmu da ke yi musu kuku, ya kashe mata jiki. Ya ce mutanen nan ba coci ba masallaci, aiki kawai suka sani. Abin da dai ya samo mana shi ne cinikin alayyafo da ƙwan agwagwa, ni ce kuma mai kaiwa kowace Asabar da safe, bayan na gama ɗebo ruwa a rafin Antau.

Wata Asabar ina zaune a bayan madafarsu ina gyara ganye, ina jiran Malam Tanko ya juye ƙwai ya ba ni kwandona, sai na kama raira waƙar da muke rufe sujada da ita, ba da kalmomi ba, a hanci kawai. A bakin famfo akwai ɗaya daga cikinsu yana wanke laka daga ƙafarsa, wani dogo mai furfura kaɗan a gefen kunne, wanda ya iya ja wa manoma igiya su jera dashe ba tare da ya yi wa kowa tsawa ba. Na kai tsakiyar waƙar na tsaya don in tsinke wani kara mai kauri. Sai na ji an ɗora daga inda na tsaya. Na ɗaga kai. Dogo ne, bai ko dube ni ba, yana ta cuɗa ƙafarsa, waƙar tana fita daga maƙogwaronsa ƙasa-ƙasa, daidai yadda muke yin ta har ƙarshe. Da ya gama ya waiga hagu da dama, ya sunkuya ya zana gicciye da yatsa a jiƙaƙƙiyar ƙasa, ya bari na gani, ya sa ƙafa ya shafe. Sa'an nan ya ɗora yatsan nan mai laka a kan leɓensa, ya dube ni ido cikin ido, ya ɗauki malafarsa ya tafi.

Duk wanda ya san ni a lokacin ya san bakina ba ya ajiya. A makaranta, inda ajinmu ya koma gindin mangwaro saboda yara sun yi yawa, kowa da kujerarsa a kai daga gida, in malami yana son jin wanda ya yi surutu ni yake tambaya. Amma wannan magana na riƙe ta mako uku cur, tana cina kamar ƙaiƙayi. Kowace Asabar in raira rabi, Dogo ya ƙarasa rabi yana wanke ƙafa, ba mu taɓa ce wa juna uffan ba. A Alhamis ta huɗu ne abin ya fi ƙarfina. Muna zaune can baya a cikin coci mu yara, iyayenmu suna taron zumunta, sai wata daga cikin matan ta tashi ta ce ita fa ta gaji, shekara da shekaru ana ɗibar hatsi ba labari ba wasiƙa, wa ya sani ko masu bin nan sun ƙare tuntuni, gara a mayar da dintsin wajen gyaran rufin coci. Wasu suka goyi bayanta. Na hangi Mama ta sunkuyar da kai tana murza gefen zanenta. Ban san lokacin da na miƙe ba. Na ce ba su ƙare ba, ga ɗaya nan a fadama, na zayyana musu komai tun daga waƙa har gicciye.

Cocin ya ɓarke da guɗa. Mama Saratu, shugabar zumunta, ta rungume ni tana kuka, wadda ta kawo zancen rufi ma ta fi kowa rawa. Na faɗi maganar yatsa a leɓe, Allah ya sani na faɗa, amma suka fassara ta yadda suka san duniya. A Keffi ta wancan lokaci ladan yana kira da asuba, ƙararrawarmu tana bugawa da hantsi, ba wanda ya taɓa ɓoye ibadarsa. Sun sha jin cewa ana tsananta wa masu bi a Sin, amma ai can ne, nan kuwa Najeriya ce. A ganinsu kaɗaici ne ya sa bawan Allah yake jin kunya, maganinsa kuwa ya ga yana da dangi. Ga shi al'adarmu ce in baƙo mai bi ya sauka a gari, matan zumunta su yi anko su kai masa gaisuwa da tuwo da waƙa, a sa shi a tsakiya a yafa masa zane, kowa ya shaida cewa namu ne. Aka tsayar da Alhamis mai zuwa.

Mutum ɗaya ce ta ja da baya, ita ma ba 'yar coci ba ce. Da Mama ta je aron babbar tukunya wurin Gwaggo Hauwa ta ba ta labari, tsohuwar ta ce, "Maman Rifkatu, ni dai ban san addininku ba, amma babban mutum ya sa yatsa a baki gaban yarinya ƙarama, ba kunya ba ce, tsoro ne. Ku bar shi." Mama ta ce ai alheri za a kai masa, wa ke tsoron alheri. Gwaggo ta ba ta tukunyar.

Haka muka isa bakin barikin ran nan, daidai lokacin da suka taso daga gona suna zaune a kan benci suna shan shayi. Da farko sun ji daɗi, suka miƙe suna tafi, sun ɗauka rawar gargajiya aka kawo musu. Mai Tabarau ya fito gaba yana murmushi, ya sa aka kira Malam Tanko ya yi tafinta da ɗan Turancinsa na kicin. Mama Saratu ta ɗaga hannu aka tsayar da kiɗa, ta ce mun zo gai da ɗan'uwanmu cikin Almasihu, wanda ke cikinsu. Mai Tabarau ya ce babu irin wannan a nan, kuskure ne. Ta yi dariya ta ce akwai mana, ta juyo ta ce da ni, "'Yata, nuna mana shi." Dogo yana can baya da kofi a hannu. Na ga ya gane ni, na ga ya girgiza kai kaɗan, kaɗan ƙwarai. Amma ido duk yana kaina, ga kiɗa har yanzu yana yi mini daɗi a kunne. Na sauke kwano, na ɗaga hannu na nuna shi.

Ban taɓa ganin jini ya bar fuskar mutum haka ba, kafin ran nan ko bayanta. Kofin ya kuɓuce masa, shayi ya zube a kan wandonsa bai ko motsa ba. 'Yan'uwansa da ke kusa da shi suka janye a hankali har ya zama shi kaɗai a tsaye. Matanmu ba su lura ba, suka ɗauki waƙar nan tamu ta rufe sujada, suka kewaye shi, Mama da kanta ta yafa masa zane. Mama Saratu kuwa tana gefe tana ba Mai Tabarau labari dalla-dalla, har ta sunkuya ta zana masa gicciye a ƙasa don ya gane sosai. Shi kuma yana gyaɗa kai, murmushin yana nan, amma ya daina kallon kowa sai Dogo. Can Dogo ya fizge zanen ya jefar, ya yi wata dariya mara daɗi, yana kaɗa hannu yana cewa a'a, a'a da Turanci. Ya nuna ni ya taɓa kansa, wato yarinyar nan ba ta da hankali. Waƙar ta mutu a bakin mata ɗaya bayan ɗaya. Muka ajiye kwanukan a ƙasa muka juyo.

Dawowarmu ba kiɗa ba waƙa. Wasu suka ce mutumin ya yi musun Ubangijinsa a gaban jama'a, kunya ta ishe shi. Mafi yawa suka ce ni ce na ƙaga labarin don a yabe ni, ai an san halina. Mama ba ta doke ni ba, da ma ta doke ni da ya fi mini sauƙi. Ta tambaye ni sau ɗaya ko gaskiya na faɗa, na ce wallahi gaskiya ce, ta ce to, ta shiga ɗaki. Ni kuwa haushin Dogo nake ji, haushi mai tsanani, don ya mayar da ni mahaukaciya a gaban iyayena. Kwana uku na yi ina tsara abin da zan yi masa, har da cewa ba zan ƙara raira masa ko rabin waƙa ba.

Ranar Litinin da hantsi, ina gida saboda zazzaɓi, Malam Tanko ya yi sallama da kwanukanmu a cikin buhu. Ya zauna a kan turmi ya cire hula, ya ce, "Maman Rifkatu, kun kashe mutumin nan da alheri." Ya ba da labarin yadda tun washegari aka hana Dogo fita gona, aka zaunar da shi a tsakiya kwana biyu, kowa yana tashi yana nuna shi da yatsa yana magana, har waɗanda suke cin abinci kwano ɗaya da shi. Aka zazzage akwatinsa, aka farke katifarsa da wuƙa, aka ɓare har tafin takalminsa. A safiyar Litinin ɗin nan mota ta zo daga Legas, aka sa shi a baya tsakanin mutum biyu. Direban ya ce wa Malam Tanko gida za a mayar da shi, kuma ba wurin iyalinsa ba. Mama ta zame ta zauna a ƙasa. Gwaggo Hauwa da ke shanya daddawa ta ce innalillahi, ta bar tabarmar ta zo ta riƙe ta.

Sai Malam Tanko ya zaro kwanon da na ɗauka, wanda yake namu, ya ce wannan Dogo ne da kansa ya wanke shi da asubar Juma'a, kafin a fara bincike, ya rufe ya tura shi ƙarƙashin sauran, ya nuna masa da hannu cewa na yarinyar ne. A wajenmu ba a mayar da kwano haka nan ba komai a ciki, ban sani ba ko ya san wannan. Mama ta buɗe. Takarda ce 'yar ƙarama, an ninke ta har ta yi kamar ƙwayar gyaɗa biyu, ta yi laushi don tsufa da gumi, ciki da baya cike da ƙananan zane-zanen rubutunsu da aka yi da hannu. Ba mai iya karantawa a cikinmu, amma ba wanda bai gane ko mene ne ba. Shekara da shekaru muna tara hatsi don a kai musu littafin Allah, ga shi shafi ɗayan da mutumin nan ya mallaka ya ƙare a kwanon tuwonmu, don mun sa ba zai iya riƙe shi ba. A nan ne kukan ya zo mini, na yi ta yi har na amayar da kunun da na sha.

Ranar Alhamis Mama ta kai takardar taron zumunta, ta bi da ita hannu-hannu, ba wadda ta yi guɗa. Mama Saratu ta nemi gafarata a gaban kowa, abin da ban taɓa ganin babba ya yi wa yaro ba, ta kuma ce laifin na manya ne. Na ji ta, amma na san hannun da ya ɗaga. Zancen rufin coci bai sake tashi ba, dintsi ya ci gaba, har waɗanda suka yi sanyi suka dawo. 'Yan Cainan suka ƙarasa shekara guda suka tafi, ba wanda ya ƙara zuwa kusa da barikinsu da waƙa, ƙwai ma ƙanwar Malam Tanko ce ta koma kaiwa. Mama ta ɗinke takardar a cikin ƙyalle ta sa a ƙasan tukunyar Sin. Tun daga ran nan in ta ɗebi dintsinta ba ta ƙara cewa komai da ƙarfi, leɓenta kawai ke motsi, haka ta yi har ta bar duniya.

Sai bayan shekara arba'in da wani abu na ji abin da ke cikin takardar. Ɗan ƙanena ya yi karatun likita a Sin, da ya dawo na warware ƙyallen na ba shi. Ya ce sura ce daga Bishara, an kwafe ta da hannu mai rawa, kamar na tsohuwa. Ya kai ƙasan shafin ya tsaya, na ce ya karanta mana. Ya ce layin ƙarshe ba na littafin ba ne, mai kwafin ce ta ƙara: "Ɗana, ka ajiye a jikinka. Kada ka nuna wa kowa."

Yanzu 'yan Caina sun cika hanyar Keffi zuwa Abuja, suna gina titi, suna haƙar duwatsu, yara ma sun daina binsu. Fadamar nan ta zama gidaje, inda famfon yake shagon cajin waya ne. Ɗan ƙanen nawa ya ce ya shiga majami'u a can da idonsa, wasu a fili wasu a cikin gidaje, cike da mutane, ya kuma ji waƙar nan tamu a bakinsu. Na yi murna, na so a ce Mama tana raye ta ji dangin nata sun aiko da gaisuwa. Matan yanzu garin tuwo suke saya a leda, ba turmi balle dintsi, ni kaɗai ce a unguwarmu nake da tukunya a bayan murhu. Dogo kuwa ban san sunansa na gaskiya ba, ban san ko ya sake ganin tsohuwar da ta yi masa kwafin nan ba. In ina gyara alayyafo wani lokaci waƙar takan zo mini, in kai tsakiya in tsaya. Har yau ban iya ƙarasa ta ni kaɗai ba.